Tsofaffin bishiyoyin unguwanninmu na Legas: daga ina suka fito, me ke cin su?

A zamanmu na ƙarshen wata an daɗe ana ja-in-ja a kan tsohon mangwaron da ke harabar masallaci. Matasa sun ce a sare shi kafin damina ta kankama, tunda wani reshe ya riga ya faɗo ya fasa kwanon wurin alwala, kuma Allah ne kawai ya kiyaye babu kowa a wurin. Dattawa kuma suka ce a nan suka tarar da shi, ba za a sare a kan idonsu ba. Aka ɗage maganar, aka ɗora mana mu bincika. Da muka shiga binciken sai ya kai mu ga tarihin garin nan kansa.

Duk wanda ya daɗe a Ikko ya san sunayen unguwanni da yawa na bishiya ne. Idi-Araba, inda 'yan uwanmu suke da yawa, ma'anarsa da Yarbanci gindin rimi. Idi-Mangoro da ke ɓangaren Agege, gindin mangwaro. Ita kanta Agege ana cewa sunan ya samo asali ne daga kalmar Yarbanci mai nufin masu saran itace. Yau mutum zai iya yini yana yawo a Idi-Araba bai ga rimi ko ɗaya ba, sunan kawai ya rage.

Zaman Hausawa a Agege ma bishiya ce ta ƙarfafa shi. A da, fatake sukan tafi har Gwanja su ɗauko goro a kan jakuna, tafiyar watanni. Shi ya sa har yau Yarbawa ke kiran irin goron da muka fi ci da suna gbanja. A ƙarshen ƙarni na 19 sai goron ya fara zuwa Legas ta jirgin ruwa. A farkon ƙarni na 20 manoman Agege, irin su J.K. Coker na Ifako, suka buɗe manyan gonakin koko, daga baya goro ya karɓi wurin. Da layin dogo ya isa Kano a 1911, sai Agege ta zama wurin da ake tara goro a naɗe shi a ganye a loda zuwa Arewa. Kakanninmu a inuwar waɗannan gonaki suka sauka. Gonakin sun zama filoti, filoti sun zama gidaje, amma jefi-jefi akan ga tsohon goro ko mangwaro a bayan wani gida, ragowar wancan zamani.

Turawa ma sun dasa nasu. A 1887, zamanin Gwamna Alfred Moloney, aka buɗe lambun gwajin tsirrai a Ebute Metta, inda ake rainon irin itatuwa ana rabawa. A Badagry kuwa, 'yan mishan na Katolika sun kafa gonar kwakwa a tsibirin Topo tun 1876. A garin ne kuma aka yi wata babbar bishiya da ake kira Agia, wadda a ƙarƙashinta Thomas Birch Freeman ya yi wa'azin Kirista a 1842. Ta tsaya fiye da shekara ɗari bayan haka, sai a watan Yunin 1959 iska mai ƙarfi ta kayar da ita. Yanzu ginin tunawa ne a gurbinta.

Wannan faɗuwa tana nuna bambancin nan da gida. A Arewa itace yakan tura saiwa can ƙasa neman ruwa, don haka yana da kama ƙasa. A bakin teku ruwa yana kusa, ƙasar kuma rairayi ce ko fadama da aka cike, sai saiwa ta bazu sama-sama. Idan ruwan Yuni da Yuli ya jiƙa ƙasa ta yi laushi, iska ta zo, bishiya mai nauyin kai takan tafi gaba ɗaya da saiwarta. Ga kuma laima da ba ta barin rauni ya bushe, duk inda aka sara sai ruɓa ta shiga.

Labarin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne na farin ƙwaron mangwaro. Waɗanda suke nan tun shekarun 1980 za su tuna. Wani ƙaramin ƙwaro ne fari kamar an yayyafa auduga, asalinsa daga kudancin Asiya, aka fara ganinsa a Gana da Togo a farkon shekarun 1980, ya biyo gaɓar teku ta Benin ya shigo mana. Yakan manne a bayan ganye yana tsotsar ruwansa, yana zubar da wani ruwa mai danƙo. A kan wannan danƙo baƙar dauɗa take fitowa kamar kunkunniya, ta rufe ganye, rana ba ta isa gare shi, mangwaro ya daina 'ya'ya. Zama a inuwar ma ya gagara, don danƙon yana ɗiga a kan tufafi da tabarma, ga ƙudaje. Mutane suka yi feshi bai yi ba, saboda babbar bishiya ba ta feshuwa da famfon baya, kuma farin kakin da ke jikin ƙwaron yana kare shi. Da yawa suka fusata suka sa gatari.

Maganin da ya yi aiki wani ɗan mitsitsin zanzaro ne da masana suka samo daga Indiya, wanda ido da ƙyar yake ganinsa. Yana saka ƙwansa a cikin jikin farin ƙwaron, ɗansa ya cinye shi ta ciki. An fara sakinsa a Togo a 1987, sannan cibiyar binciken noma ta IITA, ta reshenta na Kwatano, ta yaɗa shi a Benin da sauran ƙasashen yankin. Cikin 'yan shekaru mangwaron da aka haƙura aka bari ya dawo yana 'ya'ya. Waɗanda suka sare nasu kuwa sun yi asarar itacen shekara talatin ko arba'in a kan cutar da ta kusa samun magani. Har yanzu akan ga ƙwaron a cikin gari, amma wanda ya yi ta zuba masa maganin feshi mai ƙarfi, zanzaron yake fara kashewa.

Ba kowace cuta ce take ƙarewa haka ba. Kwakwa tana da wata da ake kira ciwon Awka, don a can aka fara rubuta labarinta a 1917, irinta kuma ta ɓarke a yankin Keta na Gana a 1932 ta share gonaki. 'Ya'yan sukan zube tun ba su ƙosa ba, ganye ya yi rawaya daga ƙasa zuwa sama, a ƙarshe kan ya faɗi a bar gangar jiki tsaye kamar turken waya. Wannan ba ta da magani, sarewa ce kawai. Akwai kuma wani baƙin buzuzu mai ƙaho da ke huda kan kwakwa, yana hayayyafa a ruɓaɓɓen kututture da tarin taki. Masu kiwon raguna a bayan gida su lura da wannan.

Gara kuwa mun fi ɗora mata laifi fiye da abin da ta yi. Galibi mataccen itace take bi, mu ne muke kashe mata shi. Mu faɗa wa kanmu gaskiya: mukan malala siminti har jikin bishiya, ruwa da iska ba sa isa saiwa. Mukan ƙona shara a gindinta. Mai shago ya kafa ƙusoshi, mai haƙa kwata ya datse saiwar ɓangare guda, mai gyaran janareto ya zubar da baƙin mai. In an zo rage reshe sai a sara da adda a bar dungu mai tsawo, ruwa ya zauna a ciki. Ga kauci, wanda kowa ya sani tun daga gida, yana zaune a rassan goro da lemo yana shan ruwansu shekara da shekaru babu mai hawa ya cire.

Akwai kuma doka. Tun 2011 Jihar Legas ta kafa hukumar LASPARK mai kula da lambuna da itatuwa, kuma sare bishiya ba tare da izininta ba laifi ne. Jihar ta ware 14 ga Yuli na kowace shekara don dashen itatuwa. Saboda haka ko da an yi ittifaƙi a kan sarewa, sai an nemi takarda tukuna.

Mun je mun duba mangwaron namu tare da wani dattijo da ya yi shekaru yana aikin lambu. Ya bubbuga gangar jikin da ƙotar gatari, ƙarar ta fito a cike, babu alamar rami, kuma babu naman kaza a gindi. Reshen da ya faɗo daga wani tsohon dungu ya ɓalle, wanda aka bari lokacin da aka ja wayar lantarki. Akwai wasu rassa biyu masu irin wannan ruɓa a saman wurin alwala, gara ta yi hanya zuwa ɗaya daga ciki. Shawararsa ita ce a yanke su da zarto daf da jiki, a fasa simintin da ke kewaye da gindin kamar taku biyu, a daina ƙona shara a wurin, sannan a sake dubawa bayan damina. Ya ce idan aka ga ƙasa ta fara tsagewa ko tana ɗagowa a gefe guda, to kada a jira taro, a kawar da jama'a a nemi izinin sarewa.

Wannan za mu gabatar a zama mai zuwa in Allah ya kai mu, tare da kuɗin aikin. Kafin nan an ɗaure igiya a ɓangaren, muna roƙon iyaye su hana yara wasa a wurin.