Hayaƙi da Tukunya: Naman Farauta a Fadamar Haɗejiya

Tun kafin Turawa su ci Haɗejiya da yaƙi a 1906, farauta sana'a ce mai tsari a wannan ƙasa, da Sarkin Baka da mabiyansa. Idan ruwan kogi ya janye aka kai shinkafa gida, maharba kan nausa dajin Baturiya da karnuka da kwari da baka, su dawo da barewa, gada, zomo da dinya. Nisan daji da zafin rani suka tilasta banda: a feɗe dabba nan take, a yanyanka, a jera a kan itace sama da wuta mai hayaƙi, yadda masunta ke yi wa tarwaɗa. Mutane da yawa na ɗauka cewa hayaƙin nan ne ya tsare kakanninmu daga cutar nama. A ganina hayaƙi ruɓewa kawai ya hana. Tukunyar uwargida ce ta kashe abin da ke ɓoye cikin tsoka.

Abin da ke ɓoyen yana da tarihi. A 1835 James Paget, ɗalibin likita a Landan, ya ga wasu ɗigo-ɗigo kamar yashi a tsokar wata gawa, ashe tsutsa ce a naɗe, wadda aka sa wa suna tirikinela. A 1860 Friedrich Zenker ya tabbatar a Jamus cewa tana kisa, kuma daga naman alade take shiga mutum. Gidanta jikin dabbobi masu cin nama ko mushe, kuma gishiri da shanya da hayaƙi ba su da tabbacin kashe ta. A 2022 wasu dangi a Amurka suka yi tsire da naman beyar da aka harbo a Kanada. Naman ya kwana 45 a ƙanƙara, amma gashin bai ratsa shi ba. Mutum 6 suka kamu da tsutsar, har da biyu da ganyen da aka gasa tare da naman kaɗai suka ci. Afirka ma ta ga irin haka: a Kenya ta hanyar aladen daji, a Senegal kuma ta naman gadu, a shekarun 1960.

Wani zai ce ai Bahaɗeje ba ya cin gadu, shari'a ta haramta. Gaskiya ne, kuma wannan haramci, tare da na mushe, ya toshe babbar ƙofar cutar, ba na raina shi. Sai dai bai toshe duka ba. Masu bincike sun samu wani nau'in tsutsar a jikin kada da guza a Zimbabwe da Mozambik, ga shi guza da damo ba baƙi ba ne a hannun 'yan farautarmu. Tsila kuwa a naman saniya halattacce take zuwa. Wani kuma zai ce mutanen da sun ci sun tsufa lafiya. To yaya suka ci? Banda ba ta zuwa akushi kai tsaye. Sai an jiƙa ta, an jefa cikin miyar kuka ta daɗe tana tafasa, ko an dafa an daka an soya ta zama dambu. Kuma wanda ya kwanta da zazzaɓi da ciwon jiki da kumburin ido mako biyu bayan farauta, wa zai tuna naman? Shawara za a ce, ko iska.

Abin da ke damuna shi ne yadda cin ya sauya. Madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 sun rage ambaliyar da ke ciyar da fadama, gonaki suka ci daji, manyan namun suka yi wuya. Ƙananan da suka rage sau da yawa ba sa isa gida, samari kan babbake su a gindin bishiya, baya ya ƙone, jikin ƙashi na ja. Likitoci na cewa naman daji sai zafin tsakiyarsa ya kai digiri 74 a ma'aunin salshiyas, a kuma wanke wuƙa da faranti kafin su taɓa dafaffen abinci. Wutar kara mai ci bal-bal ta mutu ba ta kai zafin nan cikin cinyar damo, farfesun da nama ke saɓulewa daga ƙashi kuwa ya wuce shi.