Yadda Masu Sha'awar Tocila Suka Koya Wa Kamfanoni Aikinsu

Ranar 10 ga Janairun 1899 hukumomin Amurka suka ba wani mutumin Ingila mai suna David Misell takardar mallakar fasahar wata fitilar hannu. Ba wata abar a zo a gani ba ce: bututun kwali, batura 3 a jere, ƙaramin ƙwai, sai kwanon tagulla mai tattara haske. Kamfanin Conrad Hubert na birnin New York, wanda daga baya ya zama Eveready, shi ya riƙa ƙera ta. Baturan wancan zamani ba su da juriya, sai a haska kaɗan a kashe su huta. Tun daga lokacin har kusan shekara 100, tocila ba ta wuce batir da ƙwai da makunni ba, kuma abin da kamfani ya ba mai saye shi zai karɓa.

Yau labarin ya sauya. Akwai tocilan da ke fitowa daga masana'antun ƙasar Sin ɗauke da manhajar da wasu mutane suka rubuta a ɗakunansu, ba don an biya su ba. Waɗannan mutane sun fara ne da canza ƙwai, suka gangaro kan allon da ke raba wuta, daga ƙarshe suka shiga ƙwaƙwalwar tocilar kanta.

Tocilar da ta fara jan hankalinsu ita ce Maglite, wadda Anthony Maglica ya fitar a Kalifoniya a 1979. Jikinta na alminiyam ne, mai kauri, ga fili a ciki, amma haskenta bai kai girmanta ba. A farkon shekarun 2000 masu sha'awa a Amurka suka gano cewa inda batura manya 3 ke zama, za a iya cusa ƙanana 9 masu caji. Sai suka nemo ƙwai mai lamba 1185 na kamfanin Welch Allyn, wanda aka fi sani da kayan asibiti, suka ɗura masa wutar da ta zarce wadda aka tsara masa. Tocilar da haskenta bai kai lumen 100 ba ta koma tana ba da ɗaruruwa. Sun sa mata suna Mag85. Sai dai zafin kan narkar da kwanon roba da murfin gaba, don haka dole a sauya su da na alminiyam da gilashi mai jure zafi. Wanda ya yi gaggawar kunnawa da batura sababbin caji kuwa, ƙwan kan mutu nan take.

A daidai wannan lokaci wani sauyi na tafe daga Japan. A 1993 Shuji Nakamura na kamfanin Nichia ya samar da ƙwan LED mai shuɗin haske mai ƙarfi, aikin da ya sa ya raba kyautar Nobel ta 2014 da Isamu Akasaki da Hiroshi Amano. Daga shuɗin aka samu fari a 1996. Ƙwayayen farko ƙanana ne, sai da Luxeon na kamfanin Lumileds ya fito, sannan XR-E na kamfanin Cree a 2006, kafin LED ya ture ƙwan zare. Ga kuma batirin litiyam mai lamba 18650, faɗinsa milimita 18, tsawonsa 65, wanda mutane suka riƙa cirowa daga tsofaffin baturan kwamfutar tafi-da-gidanka.

LED yana da halinsa. Ba a haɗa shi da batir kai tsaye a kwana lafiya, domin ƙarin wuta kaɗan kan sa ya zuƙi abin da zai ƙona shi. Saboda haka ake sa wani ɗan allo tsakaninsa da batir, mai auna masa abin da zai sha. Masu harkar suna kiransa direba, kuma a kansa aka yi mafi yawan gwagwarmayar.

Direban da ya fi suna shi ne Nanjg 105C, ɗan allo mai faɗin milimita 17. A jikinsa akwai ƙananan na'urori 8 masu lamba 7135, kowace tana barin miliamfa 350 ta wuce, jimilla amfa 2.8. Lissafin a fili yake, shi ya sa masu kwaskwarima suka so shi: mai son ƙarin haske sai ya ɗora wata 7135 a kan wata ya liƙe da dalma, mai son batir ya daɗe sai ya cire wasu. A bayansa akwai wasu 'yan taurari na ƙarfe, wanda aka haɗa da gefen allon shi zai zaɓi jerin matakan haske. A tsakiya kuma akwai 'yar ƙwaƙwalwa, ATtiny13A ta kamfanin Atmel, wadda duk ma'ajiyar manhajarta bayit 1,024 ce. Wannan sakin layi da na gabansa, in aka haɗa, sun kusa cika wurin.

Me ya kai mutane taɓa wannan ƙwaƙwalwa? Haushi. Tociloli masu araha sukan zo da matakai 5: mai ƙarfi, matsakaici, ƙarami, mai walƙiya, da alamar neman agaji ta SOS. Mutum yana son ya duba wani abu cikin dare ba tare da ya tashi iyalinsa ba, sai ya bi ta kan walƙiya kafin ya kai ga abin da yake so. Wasu ma in an kashe su aka sake kunnawa, sai su tsallaka mataki na gaba, ko da an kwana. Maganin farko da aka samo wa wannan shi ne fensir: a goga bakinsa a kan wani ɗan kafasita da ke allon, baƙin ya zama hanyar da ragowar wuta za ta tsiyaye, tocilar ta manta. Akwai kuma matsalar ƙyaftawa. Direba yana rage haske ne ta hanyar kunna ƙwai da kashe shi da sauri, to idan saurin bai kai ba, ido kan gani, musamman a ruwan sama ko a gaban fanka.

Da aka gane cewa ana iya kama ƙafafu 8 na ƙwaƙwalwar da wani ɗan matsefi, a haɗa da kwamfuta ta wata na'ura mai araha da ake kira USBasp, sai aka shiga goge manhajar kamfani ana zuba sabuwa. Galibin marubutan da laƙabi aka san su. DrJones ya rubuta luxdrv da NLITE, JonnyC ya rubuta STAR. Kowane bayit sai an yi masa lissafi, in za a ƙara gargaɗin ƙarewar batir, wataƙila sai an sadaukar da wani matakin haske.

Babbar dabarar tana wajen makunni. Makunnin gindi na gargajiya yanke wuta yake yi gaba ɗaya, ƙwaƙwalwar ta mutu. To ta yaya za ta san an ɗan taɓa makunnin ne don sauya mataki, ko kuwa an kashe ta tun jiya? Wasu suka ƙara ɗan kafasita da ke cika idan tocila na kunne, ya riƙa tsiyayewa a hankali idan an kashe. Da wuta ta dawo, sai manhaja ta auna abin da ya rage, ta gane tsawon lokacin. Wasu kuma suka lura cewa ma'ajiyar wucin gadi ta ƙwaƙwalwar ba ta gogewa nan take, takan riƙe abin da ke cikinta na ɗan ƙiftawar ido. Sai suka riƙa ajiye alama a wurin: in an tarar da ita, taɓawa aka yi, in ta ɓace, kashewa ce. Ba a ƙara ko waya ɗaya ba.

Shi kansa makunnin iri-iri ne. Akwai wanda ke kawo haske tun ana cikin dannawa, kafin ya yi ƙara, wanda masu tsaro suka fi so don haskawa ta ɗan lokaci. Irinsa ne McClicky, na wani maƙeri da aka sani da McGizmo, wanda mutane suka riƙa sa wa tocilolin SureFire. Akwai wanda sai an danna an saki sannan ya kawo, shi ya fi daɗin sauya mataki. Sifirin da ke danne batir ma bai tsira ba. Da yake na ƙarfe ne siriri, yana tauye wuta, idan amfa ta yi yawa har yakan yi zafi ya saki. Sai a ratsa shi da 'yar wayar jan ƙarfe a liƙe sama da ƙasa. Shi ma ƙwan akan ɗauke shi daga faifan alminiyam a mayar kan na jan ƙarfe irin su Noctigon, don zafi ya samu hanyar fita. Masu son haske ya yi nisa har jiƙa ƙwan suke yi a fetur don ƙoƙon da ke kansa ya fita.

Shekarar 2015 ce ta juya al'amarin. Wata ƙungiyar masu sha'awa ta tsara tocila sukutum, direba da manhaja da launin haske, ta kai wa masana'anta a Sin ta ƙera. Ita ce BLF A6, manhajarta kuma daga hannun wata mai rubuta manhaja da aka sani da ToyKeeper. Matakai 7 gare ta, tun daga ɗan haske kamar na farin wata, kuma gajeriyar taɓawa kan kai gaba, mai ɗan tsawo ta dawo baya.

Daga nan aka koma ga makunnin lantarki, wanda ba ya yanke wuta, saƙo kawai yake aika wa ƙwaƙwalwa. Wannan ya ba manhaja damar ƙirga dannawa da auna tsawon riƙewa. Tom E ya rubuta Narsil, wadda ta fito a cikin BLF Q8 a 2017. A shekarar ce kuma Emisar D4 ta bayyana: ƙwai 4, batir 18650 guda, haske fiye da lumen 3,000 daga abin da zai ɓuya a tafin hannu. ToyKeeper ta fitar da Anduril, wadda a yau ita ce kan gaba. Dannawa ɗaya ta kunna, riƙewa ta sa haske ya hau ko ya sauka a hankali cikin matakai 150. Dannawa 3 idan tana kashe, sai ta ƙyafta ta faɗi ƙarfin batir. Dannawa 4 ta kulle. Tana auna zafin jikinta ta rage wuta da kanta, har tana iya kwaikwayon harshen kyandir. An sake ta ƙarƙashin lasisin GPL, wato kowa na da damar karantawa da gyarawa, muddin zai bar gyaransa a buɗe. Kamfanin Lumintop ya sa ta a tocilar FW3A a 2019, Sofirn da Wurkkos suka bi sahu, Emisar kuma ya bar wuraren taɓawa a bayan direba don mai tocila ya sabunta manhajar ba tare da ya kwance komai ba.

Harkar tana da haɗarinta. Irin waɗannan tociloli sun sha ƙona aljihun masu su idan suka kunnu bisa kuskure, shi ya sa ake sassauta murfin gindi kaɗan kafin a ajiye. Batirin litiyam da rigarsa ta yage, ko aka caje shi fiye da bolt 4.2, yana iya kamawa da wuta. Kasuwa kuma cike take da na jabu masu ɗauke da alƙaluman ƙarya. Ƙa'idar ANSI FL1 ta 2009 ta tsara yadda za a auna haske da daɗewar batir, amma ba kowane kamfani ke bin ta ba.

Ƙasar Hausa ba baƙuwar wannan ɗabi'a ba ce. Rashin wutar lantarki ya sa matasa a garuruwan Arewa suka riƙa harhaɗa fitilu da ƙananan ƙwayayen LED, tsohon faifan CD a matsayin madubi, da akwatin katako mai ɗaukar batura, suna sayarwa a kasuwa. Masu gyaran rediyo da waya kuwa kullum ƙarfen liƙi na hannunsu. Abin da ya rage shi ne ɓangaren manhaja, kuma kayan aikinsa ba su wuce matsefi, na'urar USBasp da kwamfuta ba. Ya kamata makarantun koyon sana'a da kwalejojin fasaha su sa wannan cikin darussan lantarki, su fara da koya wa ɗalibai yadda ake riƙon batirin litiyam lafiya kafin a kai ga rubuta layin farko na manhaja.