Takardun Haraji a Ƙasar Dutse: Darasi ga Ma'aikacin Yau



Sau da yawa ma'aikaci a Dutse yakan koka cewa kamfanin da aka ba kwangila ya aiko masa da bayanai a hargitse, har kwamfuta ta ƙi karɓa. Wannan ciwo ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba.

Bayan da Turawa suka ci Kano a 1903, gundumomin Dutse, Kiyawa, Jahun da Birnin Kudu suna aika lissafin haraji da jangali zuwa Kano. Mai unguwa ya ƙirga, dagaci ya tara, malamin hakimi ya kwafe. Wani ya rubuta da ajami, wani da boko. Wani ya bi watan Musulunci, wani na Bature. Talaka yana lissafi da wuri, ofis yana neman sule. Idan alƙalami ya zame, manomi ne zai biya sau biyu.

An soke haraji da jangali a Jihar Kano a 1979, amma rikicin ma'auni bai tafi tare da su ba. Tun a Janairun 1973 Naira ta maye gurbin fam. Fam ɗaya sule 20 ne, sule kwabo 12, alhali Naira kwabo 100 ce. Akawun da ya ga "kwabo" a tsohon littafi, dole ya tambaya: wane kwabon? Haka kuma da aka kafa Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta 1991, sai da aka rarrabe fayilolin ma'aikata tsakanin Kano da Dutse.

Yau kamfani yakan aiko da 03/04, ba a san Maris ba ne ko Afrilu. Haruffan ɓ, ɗ da ƙ su rikiɗe, sunan Ɗahiru ya ɓace, fanshon tsoho ya tsaya.

Abin da tarihin nan ya koya mana uku ne. A ajiye takardar asali kamar yadda ta zo, a yi gyara a kwafi. Kada a cike gurbi da zato, a koma wa wanda ya aiko. Mafi girma kuwa, a rubuta tsarin da ake so cikin yarjejeniya tun kafin aiki. Wanda bai ba da mudu ba, ba shi da bakin ƙorafi a kan awo.

Allah ya sa mu dace.