Dabarun yaƙin magabata a bakin Turawa

Mu da ke koyar da tarihi a Dutsin-Ma mun gaji abin mamaki: ɗalibi ɗan Kurfi, wanda hakimin garinsu ke riƙe da sarautar Maradin Katsina, yakan fara sanin yadda magabata suka tsara yaƙi ne daga fassarar Turanci.

Jami'an mulkin mallaka ne suka share fagen. A 1922 E.J. Arnett ya fitar da Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello, wanda aka rubuta a 1812. Ba fassara ce cikakkiya ba, wani wuri taƙaitawa ce, amma a nan ɗalibai da yawa suka fara karanta yadda maharban jama'ar Shehu suka tare dawakin Gobir a Tabkin Kwatto a 1804. H.R. Palmer, wanda ya yi Razdan a Katsina, ya juya labarin yaƙe-yaƙen Mai Idris Alooma na Borno da limaminsa Ibn Fartuwa ya rubuta. A 1932 kuma T.H. Baldwin ya fassara nasihar Magili ga Sarkin Kano Muhammadu Rumfa.

Su fa waɗannan mutanen mulki ya dame su. Abin da suke nema shi ne wa ya ci wa, wa ya gaji wa. Yadda ake jera runduna, amfanin lifidi da sulke, dalilin gina ganuwa da ribaɗi, duk sai su wuce da sauri.

Gyara ya zo daga jami'o'i. Mervyn Hiskett ya fitar da Tazyinul Waraƙat na Abdullahin Gwandu a Ibadan a 1963, Larabci da Turanci tare, ta yadda mai karatu zai iya kama mai fassara in ya kauce. Fathi El-Masri ya yi haka da Bayan Wujubil Hijira a 1978. Joseph Smaldone ya ware littafi guda kan yaƙi a Daular Sakkwato a 1977, sai Yusufu Bala Usman, ɗan Musawa, ya zo a 1981 da littafinsa kan Katsina, inda ya saurari bakin dattawa ya kuma tuhumi rubutun Turawan.

Ɗalibin da ke son wannan fage ya koyi Larabci tun yana aji ɗaya a jami'a, kada ya tsaya ga Arnett.