Hambaka: Tarihin Maɗaukin Sautin Jitar Lantarki da Amonsa na Da

Hambaka, wanda Turawa ke rubutawa humbucker, wani nau'in maɗaukin sauti ne da ake dasawa a jikin jitar lantarki, ƙarƙashin tsirkiyoyi. Koyil biyu ne a jere, kowanne an naɗa masa siririyar wayar tagulla, da maganaɗisu guda a ƙasansu. Idan tsirkiyar ƙarfe ta girgiza a samansa sai ta haifar da 'yar wutar lantarki a cikin naɗin, amfilifaya ta ƙara mata ƙarfi, lasifika ta fitar da ita a matsayin sauti. Ka'idar ta Michael Faraday ce, tun 1831. Wanda aka fi yi wa kirari a cikin hambakoki shi ne na kamfanin Gibson na 1957 zuwa 1962, da ake kira PAF, kuma amonsa ne ake nufi idan aka ce hambaka irin na da.

Maɗaukan farko koyil ɗaya gare su: na George Beauchamp a jitar Rickenbacker ta farkon shekarun 1930, da na Gibson ES-150 ta 1936 wadda Charlie Christian ya shahara da ita, da P-90 na 1946. Muryarsu garau take, amma suna da cuta guda. Naɗin waya mai dubban zagaye ba tsirkiya kaɗai yake ji ba. Yana kwasar duk wani filin maganaɗisu da taransifoma ko wayar gini ko fitila ke watsawa, sai a ji ƙugi mara yankewa a lasifika. A Amurka ƙugin na kaɗawa sau 60 a daƙiƙa. A Najeriya da Nijar, inda wutar ke juyawa sau 50, ya fi wancan kauri kaɗan.

Dabarar kashe ƙugi da koyil biyu ta girmi hambakan Gibson. Kamfanin Electro-Voice ya yi amfani da ita a makirfo tun 1934. Ray Butts ya ƙera irin nasa, Filter'Tron, wanda Gretsch ta sa a jitocin Chet Atkins, har takardar haƙƙin ƙirƙirarsa ta riga ta Gibson fitowa da wata guda. Amma sunan da ya zauna shi ne na Seth Lover, tsohon mai gyaran rediyo da ke aiki a masana'antar Gibson a Kalamazoo ta jihar Mishigan, lokacin shugabancin Ted McCarty. An shigar da takardar neman haƙƙinsa a watan Yuni na 1955, ba ta fito ba sai Yuli 1959, da lamba 2,896,491. A tsakanin nan kamfanin ya riƙa manna wata 'yar takarda a gindin kowane maɗauki mai cewa an nemi haƙƙin mallaka, kuma haruffan farko na wannan rubutu na Turanci su ne PAF.

Aikin Lover bai da wuyar fahimta. Koyil ɗin biyu an haɗa su ta yadda wuta ke bin ɗaya saɓanin yadda take bin ɗayan, sannan ɗaya na fuskantar tsirkiya da arewacin maganaɗisu, ɗayan da kudancinsa. Ƙugin da ke shigowa daga waje yana faɗa wa duka biyun daidai, sai na wannan ya soke na wancan. Motsin tsirkiya kuwa sau biyu ake juya shi, ta naɗi da ta maganaɗisu, don haka sai ya haɗu ya ƙara ƙarfi. Kusoshin nan shida da ake gani a saman murfi ba su cikin ƙirarsa ta farko; masu tallan kamfanin ne suka nema, don su sami abin nuna wa mai saye. A 1957 hambaka ya hau jitocin Les Paul da ES-175, a 1958 kuma aka fito da ES-335 da shi.

Ba don ya sauya murya aka ƙirƙire shi ba, amma ya sauya ta. Koyil biyu a haɗe sun fi guda ɗaya danne saututtuka masu tsini, kuma tunda suna sauraren tsirkiya a wurare biyu lokaci guda, wasu ƙananan kaɗe-kaɗenta na sama suna soke juna. Abin da ya rage shi ne murya mai cika, mai kauri a tsakiya, wadda ke daɗewa kafin ta mutu. Idan koyil ɗaya kuntigin Ɗan Maraya Jos ne, mai tsini da saurin cizo, to hambaka ya fi kusa da gurmi. Sai dai PAF na asali bai kai yadda ake zato duhu ba. Wanda ya saurari Wes Montgomery yana kaɗa jitar L-5 da babban yatsa, ko faifan da Eric Clapton ya yi da John Mayall a 1966 da Les Paul da amfilifayar Marshall, zai ji akwai haske da kaifi a ciki.

Wannan hasken shi ne abin da masu kwaikwayo suka shafe shekaru suna farauta, kuma yawancinsa daga sakacin masana'anta ya fito. Wayar mai lamba 42 ce, kaurinta kusan milimita 0.06, da fenti mai launin makuba. An so kowane koyil ya sami zagaye wajen 5,000, amma injinan naɗin, irin su Leesona 102, ba sa tsayawa da kansu. Ma'aikaciya ce ke tsai da su idan ta ga ya cika. Shi ya sa wani PAF zai auna kilo-om 7 da ɗoriya, wani ya kusa 9, kuma da wuya koyil biyun su zo daidai. Rashin daidaiton yana barin ɗan ƙugi, amma yana kuma barin saututtukan sama da da sun soke. Maganaɗisun alniko ne, gamin alminiyam da nikel da kobalt da baƙin ƙarfe, kuma aji na 2 da na 3 da na 4 da na 5 duk an yi amfani da su, gwargwadon abin da ke sito. Ba a tsoma naɗin cikin kaki ba, saboda haka yana ɗan jin bugun katakon jitar, yana kuma iya yin kuwa idan aka ƙure murya. Hatta launin robar da ake naɗin a kanta, baƙa ko fara ko gauraye, wanda ba ruwansa da sauti, yau yana ƙara wa tsohon maɗauki farashi. Akwai ma jitar Peter Green ta 1959, wadda maɗaukinta na wuya ke saɓa wa na gindi, tana ba da wata murya ta hanci idan aka haɗa su. Ta bi ta hannun Gary Moore, yanzu tana wurin Kirk Hammett.

Daga 1961 abubuwa suka fara daidaita. An rage tsawon maganaɗisu, an sauya fentin waya, injina suka koyi ƙirga. A 1962 aka maye 'yar takardar da mai ɗauke da lambar haƙƙi, kuma lambar da aka buga, 2,737,842, ta wani ƙarfen riƙe tsirkiya ce ta Les Paul, ba ta maɗaukin ba. Lover ya koma kamfanin Fender a 1967 ya ƙera musu hambakan Wide Range. A 1972 Larry DiMarzio ya fito da Super Distortion mai maganaɗisun siramik da ƙarfin gaske, kasuwar sauya maɗauki ta buɗe. Ba a jima ba aka juyo neman na da: Seymour Duncan, wanda ya kafa kamfaninsa a 1976, ya yi samfurin '59, daga baya ya yi wani tare da Lover kansa kafin rasuwarsa a 1997, Gibson ma ta fito da '57 Classic da Burstbucker, wanda ake saɓa naɗinsa da gangan. Yau PAF na asali guda biyu dubban daloli ne. Wani kaso na kuɗin sauti ne, kaso mafi tsoka kuma ƙarancin kayan ne da sunansa.

A ƙasar Hausa jitar lantarki ba ta taɓa zama uwar kiɗa ba. Ta yi zamaninta a ƙungiyoyi irin na Bala Miller a Kaduna da Sa'adu Bori a Maraɗi, sannan fiyanon Yamaha ta mamaye situdiyoyin Kano tun ƙarshen shekarun 1990. Inda ta yi jijiya sosai, wato wurin Abzinawan Agadas, kunne ya fi karkata ga tsinin koyil ɗaya; Mdou Moctar da jitar Stratocaster mai koyil ɗaya aka san shi. A garin Bauchi an fi cin karo da ita a majami'u irin na unguwar Yelwa da wurin masu kiɗan biki. Akasarin jitocin kwaikwayo ne ƙirar Sin ko Indonesiya, da yawa ta kasuwar Alaba ta Legas suke biyowa, kuma hambakokinsu na siramik ne, naɗi mai yawa, an cika su da kaki. Sun fi PAF ƙara, sun fi shi toshewar murya.

Amma ga mai kiɗa a Bauchi, amfanin hambaka na farko, wanda Lover ya sa a gaba, shi ne har yanzu a kan gaba. Zauren da janareta ke ruri a bayansa, da sitabilaiza kusa da amfilifaya, da fankoki a sama, wuri ne da koyil ɗaya ke shan wahala. Hambaka na kashe ƙugin da ke zuwa ta maganaɗisu, amma ba ya maganin zizar da ke fitowa idan soket ba shi da wayar ƙasa ko igiyar jita ta lalace. Wannan aikin mai gyara ne. Doguwar igiya ma tana cinye saututtukan sama, ta mai da maɗauki mai kyau kamar an rufe shi da bargo.

Mai auna maɗauki da mita kuma ya lura da zafin gari. Juriyar tagulla na ƙaruwa da kusan kashi 0.4 cikin ɗari a kowane digiri, alƙaluman da kamfanoni ke bugawa kuwa na ɗaki ne mai digiri 20 ko kusa da haka. Hambakan da aka rubuta masa kilo-om 8 zai nuna wajen 8.6 a ranar Afrilu mai digiri 40, ya sauko da sanyin hunturu, ba tare da an taɓa ko zagaye ɗaya na wayarsa ba.