Majalisar Makarantun Little Rock, 1954 zuwa 1959

A yawancin biranen Amurka mutanen gari ne ke zaɓen masu riƙon makarantun gwamnati da ƙuri'a. Su waɗannan zaɓaɓɓu su ke ɗaukar malamai, su ke sallamarsu, su ke kuma tsara kashe kuɗin makarantu. A wannan takarda mun kira su majalisa maimakon hukuma, don ikonsu aro ne daga masu jefa ƙuri'a. Abin da ya auku a Little Rock, babban birnin Jihar Arkansas, ya isa ya nuna nauyin wannan aro.

Cikin watan Mayu 1954 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa ware makarantun farar fata daga na baƙar fata ya saɓa wa tsarin mulkin ƙasa. Majalisar Little Rock, mai wakilai 6, ta ce za ta bi, amma sannu sannu. A 1955 ta karɓi shirin shugaban makarantunta, Virgil Blossom, watau a soma haɗa yaran a sakandaren Central cikin 1957. Da lokaci ya yi, Gwamna Orval Faubus ya girke sojan jiha suka tare yara 9 baƙar fata a ƙofa, har sai da Shugaba Eisenhower ya aiko da sojan tarayya suka shigar da su.

Majalisa ta ga tana tsaka mai wuya, ga umurnin kotu ga fushin masu zaɓenta. A 1958 ta roƙi a ɗaga shirin shekara biyu da rabi, Kotun Ƙoli ta ƙi. Faubus ya rufe manyan sakandaren birnin guda 4, aka jefa ƙuri'a, mafi yawan mutane suka gwammace rufewa da haɗawa. Cikin Nuwamba wakilai 5 suka yi murabus. Zaɓen Disamba kuwa ya raba majalisa daidai wa daida, uku masu son wariya, uku masu sassauci.

Ran 5 ga Mayu 1959 masu son wariya suka kawo shawarar korar malaman da su ke zargi da goyon bayan haɗawa. Masu sassauci suka fice don kada taro ya cika, amma ukun da suka rage suka ci gaba, suka sallami malamai da ma'aikata 44. Nan ne gari ya juya. Iyayen da suka jure wa rufe makarantu ba su jure wa korar malaman 'ya'yansu ba. Suka ɗauki dokar kiranye, wadda 'yan wariya da kansu suka sa majalisar jiha ta kafa a 1958, suka nemi sabuwar ƙuri'a. Ran 25 ga Mayu aka tuɓe 'yan wariyan nan uku, masu sassauci suka tsira. Aka buɗe makarantu cikin Agusta, ko da ya ke yara baƙar fata 'yan ƙalilan aka bari suka shiga na farar fata.

Abin lura a nan shi ne, hukuncin kotu da bindigar soja sun shigar da yara aji, amma makarantun ba su zaunu ba sai da masu ƙuri'a suka sāke ra'ayi. Abin da ya motsa su kuwa, haƙƙin malamai ne kafin haƙƙin yaran.