Daga Majigi Zuwa Ƙanƙara: Yadda Aikin Hulɗa da Jama'a Ya Saba Magana Kafin Saurare

Duk wanda ya karanta hulɗa da jama'a a ƙasar nan a shekarun 1980 zuwa 1990 ya sha haddar Frank Jefkins, Baturen Ingila da ya tsara aikin a matakai shida. Ka fara da gane halin da ake ciki, ka tsai da abin da kake son cimmawa, ka tantance mutanen da za ka yi wa magana, ka zaɓi hanyar isa gare su, ka yi kasafin kuɗi, sannan ka auna abin da ya fito. A takardar jarrabawa ba mai tsallake mataki na farko. A ofis kuwa aiki kan soma ne daga na huɗu: maigida ya kira, ya ce a rubuta sanarwa a kai gidan rediyo kafin lokacin labarai. Na daɗe cikin wannan sana'a a kudancin Katsina, kuma a ganina wannan tsallake ba lalacin ma'aikata ba ne. Gado ne, kuma yana da asali.

Kakan aikinmu shi ne mai shela. Sarki ya yanke magana, sanƙira ya zaga gari da ita. Da Turawa suka zo, sai suka ba shelar ofis da albashi. A Janairun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Abubakar Imam yana edita, a 1940 kuma gwamnatin mulkin mallaka ta buɗe ofishin watsa labarai a Legas saboda farfagandar Yaƙin Duniya na Biyu. Wannan ofishi ne ya rikiɗe ya zama sashen hulɗa da jama'a bayan 'yan shekaru. A ƙauye kuwa abin da mutane suka sani shi ne motar majigi: a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada bayan isha'i, a nuna yadda ake shuka auduga a layi ko amfanin yaƙi da jahilci, mai fassara yana ta zuba bayani a lasifika. Rediyon Kaduna ya zo a 1962 ya kai wannan murya har cikin bukka.

Abin da ake mantawa shi ne, a wancan zamani hukuma ba ta dogara da mai majigi don ta san abin da ke faruwa. Tana da wata hanyar daban. Baƙo ba ya kwana a gari mai unguwa bai sani ba. Mai unguwa ya gaya wa dagaci, dagaci ya gaya wa hakimi, hakimi ya rubuta zuwa Katsina. Jangali ma, duk da zaluncin da ke cikin karɓarsa, yana tilasta wa En'e ta san kowane arɗo, da rugarsa, da yawan shanunsa, da inda ya nufa in rani ya yi. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya karɓe iko daga hannun sarakuna, a 1979 kuma gwamnatin Balarabe Musa a tsohuwar Jihar Kaduna ta soke haraji da jangali. Talaka ya huta, kuma ba na cikin masu cewa a dawo da su. Sai dai ƙidayar da ke tafiya tare da harajin ta tafi, ba a kuma ɗora wa kowa nauyinta ba. Daji ya zama wurin da gwamnati ba ta da littafinsa.

Mu da muka gaji kujerar, baki kawai muka gada. Ƙungiyar sana'ar, wadda Sam Epelle da abokansa suka kafa a 1963, ta sami doka ta 16 a 1990 wadda ta ba ta ikon yi wa masu aikin rajista. A Legas wannan ya yi ma'ana, domin can akwai kamfanonin mai da bankuna da masu sabulu da ke biyan kuɗi a bincika musu ra'ayin jama'a kafin su furta kalma. A nan gwamnati ce kusan kaɗai mai ɗaukar mu aiki. Da aka ƙirƙiro Jihar Katsina a 23 ga Satumba, 1987, shekarar da aka kafa hukumar wayar da kan jama'a ta MAMSER, sai ofisoshin watsa labarai suka yawaita. Aikin jami'i a ƙaramar hukuma bai wuce ya riƙe lasifika a taro ba, ya nemo mai hoto, ya rubuta gaisuwar sallah da sunan ciyaman. In ya kawo rahoton cewa mutanen wani ƙauye suna guna-guni, sai a ɗauka ɗan adawa ne.

Sau ɗaya na ga an yi aikin yadda littafi ya ce, shi ma don an rasa yadda za a yi ne. A 2003 aka ƙaurace wa rigakafin shan-inna a wasu jihohin Arewa, Kano ba ta koma ba sai a Yulin 2004. An fara da ƙara sanarwa, ba ta yi aiki ba. Sai aka koma zaure-zaure ana tambayar magidanta dalilinsu. Amsar da ta fi yawa ba ta malamai ba ce: ta yaya za a biyo ni har gida da ɗigon magani kyauta, alhali in ɗana ya kamu da zazzaɓi na je asibiti sai na saya? Wannan amsa ce ta canja tsarin. Aka haɗa rigakafin da gidan sauro da sabulu da duba marasa lafiya, aka ɗauki matan unguwa su riƙa shiga gidaje, a 2009 kuma aka sa sarakunan Arewa gaba ƙarƙashin Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar. A Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji. Masu sana'armu da yawa sun yi aiki a wannan gangami, sun ga amfanin tambaya da idonsu. Abin mamaki, darasin bai ƙetara daga ofishin lafiya zuwa ofishin tsaro ba.

Sulhun farko da Gwamna Aminu Bello Masari ya yi da ɓarayin daji a Ƙanƙara aka yi bikinsa, a Janairun 2017, aka baje bindigogin da aka ce tubabbu sun miƙa. A Satumban 2019 aka sake, gwamna da kansa ya shiga yankunan Sabuwa da Faskari da sauran ƙananan hukumomin bakin daji yana zama da su. Daga wannan rangadi ne hoton nan ya fito, gwamna tsaye, hafsan soja a gefe, ɗan daji rataye da bindigarsa. Wanda ya saki hoton na nufin a ga jarumtar shugaba mai neman zaman lafiya. Amma hoto ɗaya mutane iri-iri ke kallonsa. Manomin Faskari da aka kashe wa ɗan'uwa ya ga an karrama mai kisa. Ɗan sa-kai da aka ce ya ajiye makami ya ga an bar wa abokin gabarsa nasa. Yaron daji da bai shiga sulhun ba ya ga hanyar da ake bi a zauna da gwamna. Mataki na uku na Jefkins ke nan, kuma da an zauna an jera waɗannan mutane a takarda kafin a ɗauki hoton, da wataƙila an roƙi a jingine bindigar a bayan bishiya. A Yunin 2020 gwamna ya ce an ci amanarsa ya fita daga sulhu, aka yi kisan Kadisau a Faskari, matasa suka fito zanga-zanga a Katsina.

Sai daren Juma'a, 11 ga Disamba, 2020, a Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara. Shugaba Muhammadu Buhari ya iso Daura a ranar don hutu. Makarantar na da ɗalibai sama da 800. Tambaya ɗaya ce a bakin kowa da gari ya waye: yara nawa aka tafi da su? Wannan tambaya tana da amsa, kuma amsar na cikin rajistar makaranta da bakin iyayen da suka cika harabarta tun asuba. Wasu yaran sun tsallake katanga sun kwana a jeji, wasu sun wuce gida kai tsaye, don haka lissafin na buƙatar a bi aji-aji, a kira gida-gida. Aiki ne mai cin rai amma ba gagara ba ne.

Ranar Lahadi gwamna ya ce 333 ne ba a gani ba. Kakakin shugaban ƙasa, Malam Garba Shehu, ya gaya wa BBC cewa yaran da suka kuɓuto sun ce goma ne suka rage a hannun maharan. Ka duba wannan da idon uban da ke zaune a ƙofar makaranta. A unguwarsu kaɗai ya san gidaje fiye da goma da ɗansu bai dawo ba. Daga wannan lokaci duk abin da hukuma za ta faɗa, ko gaskiya ne, sai ya auna shi da wannan goman. Kuma ba sabon tuntuɓe ba ne. A Chibok a 2014 sojoji sun ce an ceto duka 'yan matan ban da takwas, suka dawo suka janye. A Dapchi a 2018 gwamnatin Yobe ta ce an ceto wasu, ta dawo ta ba da haƙuri. Sau uku cikin shekara bakwai ana sakin adadi mai daɗin ji kafin a ƙirga.

Inda hukuma ta bar gurbi, wani ne ya cike. A 15 ga wata Abubakar Shekau ya saki murya yana cewa mutanensa ne suka yi, a 17 kuma aka ga bidiyon yaran cikin ƙura, ɗaya daga cikinsu yana roƙo. A tsakanin nan bidiyon shugaban ƙasa yana duba shanunsa a Daura ya zaga wayoyi. A daren 17 ɗin aka sako yara 344 ta ɓangaren Tsafe a Zamfara. Murnar ma ba ta zo da murya ɗaya ba: sojoji sun ce ceto ne, Gwamna Bello Matawalle ya ce tattaunawa ce ta hannun Miyetti Allah da tubabbu, Katsina ta ce ba a biya ko kwabo ba, jaridar Wall Street Journal kuma ta ruwaito wasu yaran suna cewa an biya. Daga baya aka san Auwalun Daudawa ne ya jagoranci satar. Ya miƙa makamai a Gusau a Fabrairun 2021 gaban 'yan jarida, ya koma daji, aka kashe shi bayan 'yan watanni.

Ba na jin laifin na mutum ɗaya ne. Kakaki abin da aka ba shi yake faɗa, kuma ofisoshi huɗu ko biyar ne ke magana, kowanne yana duban maigidansa: fadar shugaban ƙasa, gidan gwamnatin Katsina, na Gusau, 'yan sanda, hedikwatar tsaro. Abin da aka rasa shi ne ɗaki guda inda za a ce ga abin da muka tabbatar, ga abin da iyaye suka riga suka sani, ga wanda zai yi magana, ga lokacin da zai sake magana. Da an ajiye mutum ɗaya a makarantar da takardar sunaye, yana karanta wa iyaye safe da yamma, da ya fi dukan sanarwar da aka aika Abuja amfani.

Shekarar da ta biyo baya ta zo da nata. A ƙarshen Agustan 2021 aka rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, aka taƙaita cinikin dabbobi da sayar da fetur a jarka, a Satumba kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Dalilin a bayyane yake: a toshe infoma da cinikin kuɗin fansa. Masana tsaro su za su ce ko ya biya. Ta fuskar aikinmu dai, an rufe kafar da ƙauye ke sanar da cewa an ga babura sun nufo shi. Mutum sai ya hau mota ya nemi inda sabis yake kafin ya ba da labarin harin jiya, kuma raguwar rahoto ta yi kama da raguwar hari ga wanda ke karanta takarda a ofis. Sai a Disamba aka fara maido da layukan.

Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya hau a 2023 da cewa ba zai nemi sulhu da ɗan bindiga ba. Ya kafa ma'aikatar tsaron cikin gida, ya ƙaddamar da dakarun tsaro na al'umma a Oktoban shekarar, 'ya'yan yankunan da suka san kowace hanya da kowane gida. Ko ba a faɗa ba, wannan yunƙuri ne na maido da abin da mai unguwa yake yi a da. A 2025 kuma sai ga tarurrukan sulhu a ƙananan hukumomin bakin daji ɗaya bayan ɗaya, gwamnati tana cewa al'umma ce ta nema da kanta. A na Faskari aka ga Ado Aleru, wanda 'yan sandan Katsina suka sa ladan naira miliyan biyar a kansa bayan kisan Kadisau.

Yaran da ke riƙe da ofisoshinmu yanzu suna aiki a filin da ba mu sani ba. A da sai abin da mai hoton gwamnati ya ɗauka ake gani. Yanzu kowa a taron yana ɗaga waya, har 'yan dajin, waɗanda ke da masu ɗora musu bidiyo a TikTok da masu yaɗa muryoyinsu a WhatsApp. Kafin jami'i ya koma sakatariya ya buɗe kwamfuta, matar da aka kora daga ƙauyenta tana zaune a wani kango a Funtuwa ta riga ta kalli taron, ta gane fuskoki, ta kira 'yan'uwanta. Wasu daga cikin samarin sun fara abin da ya kamata: suna shiga zaurukan WhatsApp na garuruwa su ji me ake cewa, suna kiran masu unguwanni da direbobin tasha da shugabannin kasuwar Sheme kafin su rubuta layi ɗaya. Matsalarsu ita ce rahoton da suka haɗa yakan ƙunshi abin da maigida ba ya son ji, kuma har yau a yawancin ƙananan hukumomi jami'in watsa labarai ba ya cikin waɗanda ake kira zaman kwamitin tsaro, sai an tashi a miƙo masa abin da zai karanta.